Shawara: Na kori roba da sinadarai daga gidana, amma har yanzu hankalina bai kwanta ba

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Unguwar Dosa, Kaduna. 'Ya'yana biyu, namiji ɗan shekara uku da mace 'yar wata biyar. Tun da na haifi ta biyun nake kallon bidiyon matan da ke rainon 'ya'yansu ba tare da sinadarai ba, har abin ya shiga raina. Na kwashe kofuna da kwanukan roba na bayar, na koma sayen sabulu da man shafawa na "oganik" a wajen wata mai talla a Instagram, ga ɗan karen tsada. Na cire gidan sauro saboda an ce akwai magani a jikinsa, yanzu turaren wuta da ɓawon lemo nake ƙonawa da dare. Rigakafin yarinyar ma na sati 14 ban kai ta ba, ina ta wasi-wasi. Maigida ya ce na cika ƙaƙale da ɓarnar kuɗi. Gida ɗaya muke da Hajiya mahaifiyarsa, ita kuma kullum sai ta rangaɗa wa jaririyar kwalli, ta lasa mata zuma, ta ɗura mata jiƙo. In na yi magana ta ce da su ta raini 'ya'ya tara. Ni dai tsorona kada in ciyar da 'ya'yana guba da hannuna. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsoron nan naki ba na banza ba ne, akwai guba a gidajenmu, kuma yara ƙanana ta fi kamawa domin su ne ke rarrafe a ƙasa, su ne komai suka ɗauka sai baki. Inda na ga kin yi kuskure shi ne ma'aunin da kika ɗauka. Kin raba duniya gida biyu, na Bature mai sinadari da na gargajiya mai tsarki, alhali zuma da kwallin da ke damunki na gargajiya ne, gidan sauro da allurar da za su tsare miki ran yara kuma daga masana'anta suka fito. Tambayar da za ki riƙa yi wa kowane abu ita ce: me yake shigar wa yaro ta hanci, ta baki, ko ta fata? Kuma a nan Kaduna, me ya fi kwantar da yara a asibiti? In kika auna da wannan, za ki ga kina gyaran labule ne rufin ɗaki na yoyo.

Gidan sauro ki mayar da shi a daren yau. Matan da kike kallo a bidiyo akasarinsu a Amurka da Ingila suke, inda sauro ba ya ɗauke da zazzaɓin da ke kashe mana yara. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa. Maganin da ke jikin gidan sauro kaɗan ne, an cusa shi ne a cikin zaren, an kuma daɗe ana kwantar da jarirai da masu ciki a ƙarƙashinsa. In sabo ne ki ware shi ki shanya a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura, wannan ke rage ƙaiƙayin fuskar da mutane ke kuka da shi. Ɓawon lemo kuwa bai hana sauro cizo da asuba bayan wutar ta mutu, hayaƙinsa kuma huhun 'yar wata biyar yake shiga. Haka maganin sauro na kunnawa. In akwai hali a buga raga a tagogi. Da damina kuma, in masu rabon maganin kariya na wata-wata suka yi sallama, ki karɓa. Na yara ne daga wata 3 zuwa shekara 5, naki duka biyun sun shiga.

Allurar sati 14 ba ta wuce ki ba. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma kyauta ce a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa. A cikinta akwai kariya daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. Kin dai tuna 2023, yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Arewa. Kano ta fi jin jiki, mu ma a jihar Kaduna ya taɓa mu, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su yi rigakafi ba ko ba su kammala ba. Sai ta wata 9 mai ƙyanda a ciki, da maimaicinta a wata 15. Ba zan tsawaita a nan ba, ki ɗauki kati ki je.

Maganar da zan daɗe a kai ita ce kwalli, domin a duk abin da kika lissafa shi ya fi tayar min da hankali. Dutsen kwalli mai launin toka da ɗan ƙyalli, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ga dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya. Aka bincika gidan ba a sami komai ba sai kwallin da aka kai musu daga Najeriya, da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ki lura da yadda abin ke faruwa a ɗakinku. Hajiya ta ɗora yarinya a cinya, ta buɗe mata ido ta ja kwalli. Yarinya ta yi kuka, hawaye ya gangaro baƙi, ta sa hannu ta murje, hannun nan kuma ba inda za shi sai baki. Wani kuma ya bi ta hanyar hawaye ya sauka maƙogwaro. Yau kaɗan, gobe kaɗan.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, yara kusan 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinare a cikin gida, ƙurarsa na sauka inda suke wasa. Wancan mai yawa ne lokaci guda, shi ya sa aka ga gawarwaki. Na kwalli a hankali yake aiki, ba zazzaɓi ba ƙuraje, sai dai ya taɓa ƙwaƙwalwa da jini, sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa, ko ba ya zama wuri ɗaya, ba kuma wanda zai tuna da tandu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi mara illa. Da ido ba za ki bambance kwalli mai dalma da mara ita ba, don haka jariri dai a bar masa idonsa yadda Allah Ya yi shi. Mai ciki da mai shayarwa ma su kiyaye.

Dalma na da wasu ƙofofin. Tsohon fenti mai ƙyalli da ke ɓamɓarewa a ƙofa ko taga, wanda ɗan shekara uku zai iya ɓantara ya tauna. Matattun batiran mota da na sola da ake jingine su a lungu har su fara yoyo. Sai tukwanen da maƙera ke zubawa daga tsofaffin ƙarafan inji: wani bincike a Kamaru a 2014 ya gano irinsu na sakin dalma cikin abinci, musamman abu mai tsami. Ban ce ki zubar da tukunyar biki ba, amma kunun jaririya da miyar tumatir ta yara a yi su a tukunyar silba, kuma kada abinci ya kwana a waccan.

Zuma abinci ce mai albarka, amma ba ta jariri ba ce sai ya cika shekara. Akan sami wata ƙwayar cuta a cikinta da hanjin babba ke iya murƙushewa, na jariri kuwa bai kai ba, sai ta fitar da dafin da ke saki jiki. Jiƙo kuma matsalarsa biyu, ba a san ƙarfinsa ba, ba a san tsaftar ruwan da aka jiƙa shi ba. Har ta cika wata shida nono kaɗai ya ishe ta, ko a zafin Maris da Afrilu, domin mafi yawan nono ruwa ne. In kuwa abin da kike nema shi ne raino mara gauraye, babu wanda ya kai wannan, ba gwangwani ba bulumboti ba sisin kwabo. Ki duba akwatin kayanta kuma, in akwai ƙwallayen kafur ki fitar. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haihuwarsu da wani rauni a jini wanda kafur ke sa jinin ya farfashe ido ya yi rawaya.

Kada ki ɗauka na gargajiya kawai nake zargi. Haƙora na nan tafe, za ki ji ana ba ki sunayen magunguna a kemis. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, da ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan. Fitar haƙori ba ta buƙatar magani na musamman. In yaro na zawo ko zazzaɓi mai zafi, kada a ce haƙori ne a zauna, asibiti za a je.

Yanzu hayaƙi, wanda ba ki ambata a matsayin guba ba don mun saba da shi. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, daga ciki fiye da 237,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, galibi ta ciwon huhu. Uwa na tsugune tana fifita murhu da goyo a bayanta, duk abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, kuma numfashinsa ya fi nata sauri. In kuna da gas, kuɗin da kike kai wa mai Instagram ki mayar wajen cika tukunyar. In gawayi ne ko itace, a yi girki a fili, itacen ya bushe, a miƙa wa Hajiya yarinya kafin a hura wuta. Kuma don Allah a daina hura wuta da leda ko guntun silifas. Wannan baƙin hayaƙin mai ɗaci ya fi duk kofunan robar da kika bayar illa. Haka ƙona shara a bayan gida da yamma, famfas da leda da komai a haɗe.

Da hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari, akan shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mara wari mara launi mai sa mutum barcin da ba ya tashi. Irinta ce janareta ke fitarwa, shi ya sa ake jin iyali guda sun kwanta ba su farka ba. Janareta wajensa waje, nesa da taga, ko da za a ɗaure shi da sarƙa saboda ɓarayi. Turaren wuta ba zan ce ki bari ba, na san ba ki da mai rabaki da shi, ni ma haka. Ki turara ɗaki yara na tsakar gida, ki buɗe taga hayaƙin ya fita kafin su shigo, kuma ban da turara kayan jaririya ko kwana da shi.

Maganin ƙwari ne abin da ya cancanci duk wannan tsoron naki. Sniper maganin gona ne, a 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana sayar da shi a kasuwanni da shaguna, amma har yau ana yayyafa shi a ɗakin kwana saboda kyankyaso da kuɗin cizo, ga ɗan'uwansa fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalabe ba ko takarda. Kada ɗayansu ya shiga gidan da yaro ke rarrafe. Akwai masu zuba shi a wake da busasshen kifi. In kin je awo ki ɗebi waken ki shinshina, in kin ji wari irin na magani ki wuce. Abin da ya fi, da kaka a sayi na shekara a hannun wanda aka sani, a shanya ya bushe ƙayau, a zuba a jarka mai tsafta har wuya a toshe, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Ƙwarin kan mutu da kansu don ba iska, ba sai an sa komai ba.

Ki zaga gidan da idon ɗan shekara uku, har ki durƙusa. Ga gorar lemo a gindin murhu, ruwa fari tas a ciki, kananzir ne. Yaro ya shigo daga wasa da ƙishi, ya san wannan gorar, ya san abin daɗi ake sha a cikinta. Haka ake yi da sodar haɗa sabulu, da ruwan bilicin, da maganin ɓera da ake barbaɗawa a kan guntun kifi a bayan ƙofa. A ɗage su sama, a kulle, kuma kada a zuba su a mazubin abin sha. In tsautsayi ya faɗa, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Kananzir in ya dawo ta amai huhu yake shiga, soda kuma ta sake ƙona maƙogwaro. A ɗauki yaro da gorar a nufi asibiti, Barau Dikko ko duk wanda ya fi kusa. Bilicin kuma ba a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum.

Ruwa a taƙaice: ruwan rijiya ko na 'yan ga-ruwa, komai haskensa, a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa kafin yara su sha, balle in rijiyar na kusa da masai. Randar Hajiya ta fi firji a garin da wuta ke zuwa da ƙa'idar kanta, sai dai a rufe ta, a rataye moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita. Gishirin zawo da ƙwayar zinc su zauna a gida.

Kan roba kina da gaskiya, amma rabi. Roba da zafi ne ba sa shiri. Kokon safe da ake ƙullowa a leda yana turiri, alalen da ake dafawa cikin leda a tafasasshen ruwa, tuwon da ake naɗewa a leda a jera a kula, nan ne sinadaran roba ke samun hanyar shiga abinci. A aika da kofin silba mai murfi wajen mai koko, alale a koma gwangwani mai tsafta ko ganye, tuwo a malmala a kwano. Tarayyar Turai ta hana sinadarin roba mai suna BPA a bulumbotin jarirai tun 2011, jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024, wato ba ke kaɗai kika damu ba. Amma bokitin wanki da bahon wanka da kwandon kaya ba su yi miki komai ba. Zubar da abu mai amfani a sayo sabo ba tausayin muhalli ba ne, ƙara wa bola kaya ne.

Man shafawar nan na mai Instagram, juya robar ki duba. Akwai lambar NAFDAC? An rubuta abin da ke ciki? Kalmar "oganik" kowa na iya buga ta a takarda ya manna. Masu haɗa mai a gida da dama na cakuɗa man kaɗe da mayukan tub masu ƙarfi na kemis, waɗanda likita kan rubuta don ciwon fata na 'yan kwanaki, saboda su ne ke sa fata ta yi haske da sulɓi nan da nan mai saye ya dawo. A jikin yaro suna sirantar da fata, suna shiga jini. Matsalar bilicin na fata ta kai NAFDAC ta ayyana ta a matsayin ta gaggawa a 2023. In kin ga yaranki sun fara haske tun da kika soma shafa musu, ba kyau ba ne, ki kai su da robar man wajen likita ya faɗa miki yadda za a janye. Man kaɗe tsantsa, wanda za ki samu da araha a Kasuwar Bacci ko ta Kawo, ya ishi fatar yaro ko da hunturu. Sabulun salo yana da kyau ga babba, amma wani yana da kaifi, ga jaririya sabulu mara ƙamshi kaɗan ya wadatar. Hoda ma ba dole ba ce, ƙurarta hanci take shiga.

Nan da wata guda za ta fara cin abinci, kuma a nan Kaduna ba ki da uzurin dogara da na gwangwani. Kunun gero ko dawa mai kauri, ba tsararo ba, a sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken suya da ɗan manja. Ƙwai dafaffe, kabewa, dankalin Hausa, kifi da aka cire wa ƙaya, garin zogale, faten acca irin na kudancin jihar. Gyaɗa da masara kawai ki sa wa ido: duk wadda ta yi fumfuna, ta motse, ko ta yi ɗaci, a tsince a zubar, domin fumfunar na haifar da guba mai taɓa hanta da hana yaro girma, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Mangwaro da ayabar da suka yi rawaya a waje ciki gagau, akwai masu nunar da su da kabayid na masu walda, gara ki saya ɗanye ya nuna a gida. Ganye da salak na fadamar bakin kogi a wanke da ruwa mai tsafta sosai, na yara a dafa.

Wajen famfas kuwa, je ki leƙa kwatar unguwarku bayan ruwan farko na damina, za ki ga abin da ke toshe ta har ruwa ya shiga gidaje. Nafkin na yadi da rana a gida, famfas da dare da ranar unguwa, kin rage fiye da rabi. A nan ne Hajiya za ta yi miki rana. Iyayenmu tun yaro na 'yan watanni suke ɗora shi a ƙafafu ko a fo bayan ya sha nono, suna gane alamarsa tun kafin ya yi. Abin da Turawa ke biyan kuɗi a koya musu yanzu ke nan. Shi kuma babban, ki cika masa tsohon buhu da ƙasa da taki ku shuka zogale ko alayyahu, ban ruwan ya zama aikinsa. Wasa da ƙasa bai zama laifi ba in wurin ba kashin dabbobi ba baƙin mai, a dai wanke hannu da sabulu kafin ci.

Saura mai wuyar, wato mutanen gidan. Hajiya ba maƙiyiyar jikarta ba ce. Da ta ce ta raini tara, abin da take nufi shi ne kada ki mai da ita wadda ba ta san komai ba a gidan ɗanta. In kika tunkare ta da waya a hannu kina nuna mata bidiyo, kin sha ƙasa tun kafin ki buɗe baki. Ki fara da abin da za ki karɓa daga wajenta, kuma da gaske: ta koya miki ɗora yarinya a fo, ta zaɓo miki man kaɗe mai kyau, ta nuna miki damun kunu, ta yi wa babban tatsuniya da dare maimakon waya. Wanda ake neman iliminsa a abu huɗu ya fi sauƙin sakin abu biyu.

Biyun nan, kwalli da abin ɗurawa a baki, ba bakinki ya kamata su fito ba. Ɗanta ne zai faɗa, shi da ita, ba a gabanki ba: "Hajiya, likitoci sun ce kwallin kasuwa na yanzu akwai dalma a ciki, irin wadda ta kashe yara a Zamfara. A bar mata har ta girma." Cewa "na yanzu" na ba ta hanyar janyewa ba tare da an ce ta cuci 'ya'yanta ba. Ranar rigakafi ki roƙe ta ta raka ki, ki yi wa malamar asibiti tambayar a gabanta kamar ke ce ba ki sani ba. In ta ce kwalli sunna ne, kada ki ja da ita. A sami malamin da take jin maganarsa, babu wanda zai ce wajibi ne a sa wa jariri, kuma kauce wa cuta shi ma addini ne. In duk an yi ta ƙi, to lokacin wanka da shiri ki riƙa yi da kanki a ɗakinki, ki kawo mata yarinya a shirye.

Maigida kuma yana da gaskiya kan kuɗi, ki faɗa masa haka, ba ya rage ki da komai. Ki zo masa da lissafi: ga abin da nake kashewa a mai da sabulu duk wata, na daina, ina so a mayar da shi kan gas da ragar taga da kwaɗon kabad ɗin da za a kulle kananzir. Namijin da ya ga an rage masa kashe kuɗi zai fi saurin zuwa ya yi wa mahaifiyarsa magana. Masu bidiyon nan ma ki rage bin su, da yawansu tsoro suke fara sayar miki kafin su sayar miki da kaya.

In kin je asibiti ki gaya musu tun yaushe ake sa wa yarinyar kwalli, har da babban in shi ma an sa masa, ki tambaya ko za a duba jininsu. Tunda kuma ta riga ta sha zuma, ki sa mata ido 'yan makonnin nan. In kin ga ta kwana biyu ba bayan gida, tsotsonta ya yi rauni, kukanta ya yi ƙasa, ko wuyanta ya saki, kada ki jira gari ya waye, ki kai ta a lokacin.